Norb Dombeck da Direbar Kujerar Baya

Norbert Dombeck, wanda duk garinmu ke kira Norb, bai taɓa kiran mota da sunan da kamfani ya raɗa mata ba. Ni ne akawun shagon kayan gyaran mota na Gene Ruhland, a wani ƙaramin gari a arewacin Wisconsin, kuma teburina yana jikin tagar da ke kallon filin ajiye motoci. Duk motar da ta shigo ni nake fara ganinta, Norb kuwa shi yake fara yanke mata hukunci.

"Dennis, leƙa ka ga bokitin tsatsa," haka yakan ce in wata tsohuwa da gishirin da ake zuba wa hanya don narkar da ƙanƙara ya cinye wa ciki ta shigo. In sabuwa ce fil amma kullum tana wajen makaniki, sai ya taɓe baki ya ce lemun tsami ce. Tasa motar ta gida, wata doguwar tsohuwa mai faɗi kamar falo, jirgin ruwa yake ce mata, kuma da alfahari yake faɗa.

Direbobi ma ba su tsira ba. Maigidanmu Gene ƙafar dalma gare shi, don in ya ɗora ta a totur ba ta ɗaguwa. Wanda ya rage gudu don ya kalli haɗari, wuyan roba. Amma zagin da ya fi nauyi a bakin Norb shi ne direban Lahadi, wato mutumin da ba ya fitar da mota sai zuwa coci, ya tare hanya yana rarrafe, bai san inda hancin motarsa ya nufa ba. Ba Norb ya ƙirƙiri waɗannan sunaye ba, kowa a nan da su ya tashi. Shi dai ya fi kowa sanin wanda ya dace da wane.

Matarsa Lavonne ma tana da nata sunan, direbar kujerar baya, saboda ba ta taɓa riƙe sitiyari ba amma ba ta taɓa barin mai riƙe da shi ya huta ba.

A gonar shanu aka haifi Norb, kuma a kan tarakta ya koyi tuƙi. Da suka yi aure, sai ya sami aikin raba burodi a kantunan ƙauyuka, Lavonne tana binsa tana shigar da tire-tire. Motar burodin rufaffiya ce, ba taga a jikinta sai ta ƙofofin gaba, ga madubin dama a tsage. Don haka duk mahaɗar da suka tsaya, Norb ya duba hagu, Lavonne ta duba dama ta ce, "Nan lafiya, wuce." Mutane da yawa a nan suna yi wa direba haka, ba wani abin lura ba ne. Sun fi shekara talatin a wannan aiki kafin a rufe gidan burodin.

Daga nan Gene ya ɗauke shi kai kaya garejojin da ke kewaye da mu a a-kori-kurar shago. Lavonne ba a ɗauke ta ba, amma ta zo. Kullum da safe tana kujerar gaba, duk da sunan nata, da saƙarta da kwalbar shayinta, kuma tun kafin su fita daga filin muke jiyo su.

"Norb, ga rami nan."

"Na gan shi."

"Ka gan shi, shi ya sa ka faɗa ciki."

"Dennis!" sai ya leƙo ta taga. "Duba mini a kundinka, muna sayar da abin da ake liƙe baki da shi?"

"Saya mana biyu," in ji Lavonne. "Ɗaya na munsharinka."

A takarduna na duk shekarun da ya yi mana, babu ko ƙwarzane ɗaya a jikin motar shago da sunan Norb.

A tsakiyar hunturun da ya wuce, Lavonne ta zame a kan ƙanƙara a ƙofar coci ta karye a ƙugu. Aka yi mata tiyata, aka kai ta gidan jinya a garin da ke gaba da namu. Norb ya ci gaba da aiki shi kaɗai. Da farko har dariya yake yi, yana cewa yau ne ya fara jin ƙarar injinsa tun da ya yi aure.

Ba a daɗe ba ya dawo da ƙofar dama a loɓe. Ya fito daga wani gareji, wata mata da motar cefane ta same shi. Ba wanda ya ji ciwo. Norb ya ce matar ce take wasa da waya, muka yarda. Haɗari na biyu ya faru a mahaɗar injin niƙa. Tankar madara ce ta taho daga dama, direban ya taka burki har ƙasa, amma sai da ya tafi da bambar Norb ta gaba. Ɗan sandan da ya zo ya rubuta wa ofishin lasisi cewa a sake yi wa Norb jarrabawar tuƙi.

Gene ya kira shi gaban teburina ya karɓi makullin a-kori-kura. "Ba ni ba ne, Norb, masu inshora ne. Ka ci jarrabawar tukuna, sai mu yi magana."

Wani makaniki mai suna Curt yana tsaye yana jiran a miƙo masa fanbel. "Kada ka damu, tsoho," in ji shi. "Coci ba ta da nisa. Ran Lahadi duk za mu kauce maka."

Aka yi dariya. Norb ya ɗauki hularsa ya fita.

A garinmu babu bas, babu tasi. Wanda aka karɓe wa lasisi ya zama kaya, sai an ɗauke shi an sauke. Aikin ma ba shi ne damuwar Norb ba. Kullum da yamma yana tuƙa jirgin ruwansa zuwa wajen Lavonne, kuma ya yi mata alkawarin shi zai dawo da ita gida da kansa. In lasisi ya tafi, duk wannan ya tafi. Ya je an gwada idonsa, likita ya ce ƙalau yake. Wannan ya ƙara tayar masa da hankali, don in ba ido ba ne, saura ƙwaƙwalwa.

Wata Asabar na bi shi in kai wa Lavonne furannin da muka haɗa kuɗi muka saya a shago. Tuƙinsa tsaf, ba gudu ba rarrafe. Muka zo mahaɗa mai alamar tsayawa. Ya tsaya cak. Ya duba hagu. Ya ɗan dakata kamar mai sauraron wani abu, sannan ya shiga hanya. Wata a-kori-kura ta taho daga dama tana danna hon, ta kauce mana da ƙyar.

"Norb! Ba ka duba dama ba!"

"Na duba mana. Ƙafar dalma ne, daga sama ya faɗo."

Ban yi gardama ba. A mahaɗa ta gaba na bar kallon hanya, na zuba wa kansa ido. Hagu, ɗan dakatawa, sai totur. Wuyansa ko motsi bai yi zuwa wajena ba. Sa'a dai babu kowa a hanyar.

"Me kake jira a wannan ɗan tsayawar da kake yi?" na tambaye shi.

"Wace tsayawa?"

Da muka isa, muka tarar da Lavonne a keken marasa lafiya tana faɗa da abincin rana. Na ba ta furanni, na kuma faɗa mata abin da na gani, a gabansa. Ta fara dariya, sai dariyar ta tsaya.

"Ni yake jira," ta ce. "Tun motar burodi bai ƙara juyo da kansa wajena ba. Ni da na ɗauka fuskata ce ta ishe shi."

"Sharri ne," in ji Norb. "Ina dubawa."

"To, gidan da ke dama da mahaɗar injin niƙa, wane launi ne?"

Norb ya ce, "Akwai gida a wurin?"

"Ka ji ko, Dennis? Tun muna da baƙin gashi aka gina shi."

Ya zauna a bakin gadonta yana juya hularsa a hannu. Sai ta juyo gare ni ta ba ni aiki. In riƙa shiga motarsa lokacin hutun rana har zuwa ranar jarrabawa, in zauna a kujerarta, in kame bakina.

"Ko me ka gani, kada ka ce uffan." Ta yi ɗan tunani. "Sai dai in tankar madara ce. In ita ce, ka yi ihu."

Haka muka yi. Abin bai zo da sauƙi ba. Wuyan da ya shekara arba'in ba ya juyawa dama ya ƙi juyawa, sai Norb ya murɗa kafaɗunsa gaba ɗaya yana nishi. Wani lokaci ya tuna, wani lokaci ya manta, ni kuwa ina riƙe da hannun ƙofa ina cin sanwicina da ɗaya hannun. Na yi ihu sau da dama, kuma ba duka tankar madara ba ce.

Ranar jarrabawa na raka shi na zauna a benci. Wata matashiyar ma'aikaciya ta shiga jirgin ruwa da allon rubutunta, suka tafi. Da suka dawo, rigar Norb ta jiƙe a baya duk da sanyin. A hanyar gida ya ba ni labari.

"Mahaɗar farko na duba hagu, sai na ji bakina ya ce mata, 'Ɓangarenki fa?' Ta sunkuyar da kai a takardarta kamar kurma. Sai na tuna. Na murɗa, Dennis, har ƙashina ya yi ƙara. Motar 'yan makaranta ce ke tahowa."

An bar masa lasisi, amma da sharaɗi saboda wuyan. Da rana kawai zai yi tuƙi, kuma ba zai yi nisa da gari ba. Iyakar da aka ba shi ta kai gidan jinya, ba ta kai garejojin ƙauyuka ba. Saboda haka makullin a-kori-kura bai koma hannunsa ba. Gene ya sa Norb a kantar shago yana miƙa kaya, kusa da tagata, inda har yau yake raɗa wa motocin mutane suna. Curt ya sake ce masa direban Lahadi, Norb ya leƙa waje ya ce mai bokitin tsatsa irin wancan bai kamata ya buɗe baki a cikin mutane ba.

Da ƙanƙara ta narke, shi ya ɗauko Lavonne ya kawo ta gida. Juma'ar farko suka gayyace ni cin soyayyen kifi, muka fita tun da sauran rana saboda sharaɗin lasisi. Ina baya tare da sandar tafiyarta. Tun daga ƙofar gida ta fara: ga rami nan, ka rage zafin hitar nan, wa yake korarka, wa kake jira. Da muka tunkari mahaɗar injin niƙa, sai ta datse bakinta, ta damƙe jakarta da hannu biyu, ta kafa wa gwiwoyinta ido.

Norb ya tsaya. Ya duba hagu. Ya murɗa kafaɗa a hankali zuwa dama, ya tsaya a haka fiye da yadda ake bukata.

"Kai, Lavonne," ya ce, "ashe kin tsufa."

"Hanya aka ce ka kalla, tsoho."

Ya leƙa ta gaban hancinta. "Shuɗi ne gidan," in ji shi. "Nan lafiya." Ya wuce.