Layar da ke jikin bindigar Yaya Ilu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Ilu, wanda mutanen garinmu, can arewa da Damagaram, suka fi sani da Ilu Baushe. A nan Riyad ya rasu, a nan muka binne shi, a maƙabartar da ba a rubuta suna, sai dutse a kai da dutse a ƙafa. Yau ko da bulala aka tsare ni ba zan iya nuna kabarin ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadaka da addu'a, in koma bakin aikina, don direban gida ne ni a unguwar Badi'a, ina kai 'ya'yan kafilina, wato maigidan da ya ɗauke ni aiki, makaranta ina ɗauko su. Bana kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, saboda ɗansa Habu ya sauko da bindigar uban.

Yaya Ilu maharbi ne tun ina goye. Da gonaki suka cinye dajin, barewa ta zama labari, sai ya biyo ni nan ya samu aikin gadin tumaki a wata gona bayan gari. A ƙasar nan baƙo ba ya riƙe bindiga, don haka tocila da sanda aka ba shi, abin da ya yi ta yi wa dariya har ya bar duniya. Bindigar ya naɗe ta da tsohon zane ya bar ta a ɗakin matarsa Zule, lokacin Habu bai wuce shekara goma ba. Tsohuwa ce mai baki ɗaya, maƙera sun taɓa ta ba sau ɗaya ba, duk rubutun jikinta ya goge. A igiyar ratayarta akwai wata laya ta jar fata, kamar tsawon ɗan yatsa. Duk wanda ya taɓa ganin Yaya yana sayen harsashi a kasuwa ya ga yadda yake yi: ya ɗauki harsashin ya haɗa shi da layar, ya yi shiru yana motsa leɓe, sannan ya ce a ba shi ko ya ajiye. Mutane suka ce layar ce ke gaya masa wanda zai ci nama. Ni ma haka na tashi da shi a raina.

Wata Juma'a a unguwar Batha, muna cin shinkafa a ɗakin wasu 'yan Maraɗi, na tsokane shi. Na ce to Baushe, ga ka a ƙasa mai tsarki, ka baro aljaninka rataye a ɗakin Zule. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya miƙo mini hannunsa na hagu, wanda babu rabin babban yatsa. Ya ce ba kura ce ta cije shi ba kamar yadda ake faɗa a gari. Yana saurayi wani ya ba shi dogon harsashi, ya sa a bindiga ya shiga, ya rufe ta rufu, da ya ja kunama sai ta tashi a hannunsa. Ya ce muguntar dogon harsashi ke nan: yana shiga lafiya lau, amma idan wuta ta kama, bakinsa ba ya samun wurin buɗewa a cikin tsohuwar bindiga, sai ƙarfin ya nemi hanya ta gefe. Da ya warke ya sayi wata bindigar, ya yanki icen aduwa daidai tsawon harsashin da ya dace da ita, ya kai wa baduku ya ɗinke da fata. Duk harsashin da ya ɗara icen nan tsawo, ba ya kai shi gida. Na ce to motsa leɓen fa? Ya ce, “Maharbin da ba a tsoron asirinsa, yara ne za su riƙa ɗaukar masa bindiga.”

A ranar ne kuma ya yi mini bayanin ƙwayoyin dalmar da ke ciki, da sunayen da shi ya raɗa musu. Akwai gero, na kurciya da zabbin daji, wanda idan ka harbi dila da shi sai dai ka ji masa ciwo ya tafi ya sha wahala a rami. Akwai gujiya, manyan ƙwayoyi, masu wuce abin da aka harba su je su sami wanda ke tsugune bayan shinge. Na dila shi ne dawa, tsaka-tsaki, kuma sai ya matso kusa. Na saurare shi kamar yadda ake sauraron tsohon soja, ina cin shinkafata. Me direba zai yi da dawar da ba a tuwo da ita?

Kwanakin baya ina zaune a mota ƙofar makarantar yaran, sai ga hotuna daga Habu, sannan ga kira. Yanzu ya kai sha tara, kuma muryar ubansa ce sak, har gabana yakan faɗi idan ya yi sallama. Ya ce diloli sun addabi garken mahaifiyarsa, sun ɗauke 'yan raguna har ta daina ƙirgawa, kuma tumakin nan su ne cinta da shanta. Ya ga inda dilolin suke bi ta ƙarƙashin shinge, zai yi musu kwanto da sanyin safiya. Hotunan na harsasai ne a kan tabarmar wani mai sayarwa, wasu jajaye gajeru, wasu baƙaƙe dogaye da aka ce daga arewa ake kawo su.

“Baba, baƙin na ɗauka guda biyu,” in ji shi. “Mai su ya ce dila ba ya ko shurawa. Na gwada ɗaya a ciki, ya shiga, ta rufu ƙal.”

Na ce ya ɗauko layar da ke jikin igiya ya haɗa su in gani.

“Wace laya? Ai na yanke ta tun bara na jefar a juji. Haba Baba, ku da ke kusa da Harami ne za ku ce in dogara da laya?”

Kafin in haɗa kalma biyu layin ya yanke. A garinmu sai an hau tudun bayan makaranta ake samun waya, idan mutum ya sauko kuwa sai Allah. Na kira na sake kira. Yaran suka fito suna buga gilashi suna “Yalla, ya ammi, yalla!” wato in yi sauri mu tafi, na tuƙa su gida ban san ta inda na bi ba. Uwar gidan ta dube ni ta ce ko ba ni da lafiya ne, na ce mata mafi mushkila, wato babu matsala.

Ban ga laifin yaron ba, kuma har yanzu ban gani ba. Yana zuwa Islamiyya, yana jin wa'azi, an ce masa rataya laya da dogara gare ta kuskure ne, ya ga laya ya yanke. Wanda na ji haushi shi ne mamacin, Allah Ya gafarta mini. A zuciyata na yi ta yi masa faɗa: kai da wayonka, ka ɗinke gaskiya cikin fata don a ji tsoronka, ga shi ɗanka ya ji tsoron Allah ya zubar da ita. Da yana raye ban san me zai ce da wannan zamani ba, da ake zaɓen harsashi ta hoto, kuma wanda ake tambaya direba ne a wata ƙasa. Ina jin zai fara da dariya, don da dariya yake fara komai. Amma na san ba za ta daɗe a fuskarsa ba, domin shi ya san ƙarar da bindiga ke yi idan ta tashi a hannun mutum.

Sai bayan la'asar na samu wani mai shago a garin, na roƙe shi ya aika a taso mini Zule ta hau tudu. Tsakanina da ita akwai wasa irin na ƙanen miji, amma ranar ko gaisuwar kirki ban yi mata ba. Na ce kafin komai ta je ta ɗauke bindigar ta zauna a kanta in ta kama. Sannan na tambaye ta ko akwai wanda ya san inda Habu ya jefa layar.

Ta rage murya kamar akwai mai jin mu. “Tana wurina. Yana juya baya na tsince ta. Tana cikin kwallata, ƙarƙashin zannuwa. In ba don ita ba, kana jin yaron nan zai kai yau lafiya? Kada ka gaya masa, ka san halinsa.”

Na ce ba gaya masa kaɗai ba, a gabansa za ta farke ta da reza. Ta ce ko na fara shan wani abu ne a Riyad. Na rantse mata da Allah cewa haka mijinta ya gaya mini da bakinsa, na ba ta labarin yatsan. Shekarun da ta yi da shi, ita ma labarin kurar ta sani.

Washegari su biyu suka hau tudun, suka kira ni da hoto mai motsi. Habu ya tsaya nesa ya harɗe hannu, ya ce shi ba zai taɓa ba. Zule ta yi bisimilla ta tsaga ɗinkin, sai ga guntun ice ya faɗo a tafinta, ya yi baƙi don tsufa, babu rubutu babu komai. Ta juya shi ta sake juyawa. “Ice ne kawai?” ta ce. Na ga idonta ya kawo ruwa, kuma na san ba murna ba ce. Shekara tara tana jin mijinta ya bar mata wani abu mai tsaron gidan.

Habu ya matso ya karɓa, ya haɗa shi da baƙin harsashin. Harsashin ya ɗara icen da kusan gaɓar yatsa. Sai ya dubi nasa hannun na hagu. Na gaya masa gero da dawa da gujiya kamar yadda na ji, na ce ranar kasuwa ya tafi da icen ya sayi gajere mai dawa, kuma ya fara zuwa wurin wani tsoho da ya yi farauta tare da ubansa ya duba masa bindigar. Na ce kada ya ja kunama sai ya san abin da ke bayan dilan, don yara kan bi ta wajen shingen nan da jakuna zuwa rijiya. Ya ce to. Wannan “to” ɗin ma na ubansa ne, kuma na san sau nawa ubansa ya ce to ya je ya yi abin da ya ga dama.

Idan na zauna ina auna abin da Yaya Ilu ya bari, ba shi da yawa. Babu gida na siminti, babu kabarin da za a nuna, sunan Baushe ma yaran yanzu ba su san na wane ne ba. Tsoron asirinsa da ya yi ta tattali ya bi shi ƙasa. Abin da ya saura shi ne abin da ya saya da rabin yatsansa, kuma saura kaɗan wannan ma ya ruɓe a juji. Ɗan ya zubar don gudun saɓo, uwar ta tsince don ta ɗauka tsari ne, dukansu ba su san mene ne ba, amma da haka Allah Ya kawo shi hannun da aka yanka shi dominsa. Zule ta sake ɗinke shi da kanta, ta bar baki ɗaya a buɗe yadda kowa zai ga ice ne. Da na tsokane ta na ce ashe ta tuba, sai ta ce, “Ice ko ba ice ba, ai shi ya tsare wa ɗana hannu.” Ban yi mata gardama ba.

Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa Ilu cikin addu'arsa, Allah Ya yafe masa Ya yalwata masa makwanci, ya kuma haɗa da Habu. Na ce wa Zule ta karɓe dogayen harsasan nan biyu ta jefa a masai. Ta ce ta birkice ɗakinsa kaf, ɗaya ta samu. Habu ya ce ɗayan ya mayar wa mai shi, kuma wataƙila gaskiya ya faɗa. Diloli dai ba su daina zuwa ba. Kullum da safe idan na sauke yaran a makaranta, nakan kashe motar in ɗora wayar a kan cinyata, domin a daidai lokacin ne gari ke wayewa a can.