Harawata da Jakin Mutumin Maraɗi

Ni ne wawan wannan labari, gara in faɗa da bakina kafin jikokina su riga ni. Amma a rubuta cewa wawa ne mai ilimi, don na yi aji huɗu a firamare, na kuma yi wata bakwai ina sharar kotun alƙali a Jibiya, kunnena a buɗe.

A can na haddace matakan laifi. Ƙaramin laifi, irin zagi ko sakin akuya a gonar mutane, tara ce ko bulala. Ɗaukar kayan wani a ɓoye sata ce, gidan yari. In ka fasa ƙofa ka shiga, shekarun su ƙaru. Can sama sai fashi da makami, wanda a zamanin nan na soja ake ɗaure mutum jikin ganga a harbe. Lokacin naira tana sabuwa, manyan motoci sun yi layi a bakin iyaka, ni kuwa ina gindin bedi ina karanta wa direbobi wannan darasi kyauta. Suka riƙa kirana Lauya. Na ɗauka girmamawa ce, har yau ma ban janye ba.

Ina da 'yar gona a hanyar Magama. Wata hantsi bayan an tsince wake, na tarar da wani mutumin Maraɗi, mai jaki guda da yake tsallakar wa 'yan kasuwa kaya iyaka da shi, ya yanki harawata dami biyu ya ɗora wa jakin. Lauje na hannunsa. Ni kuma ina rataye da takobin kakana, wanda nake fita da shi don ado, ya yi tsatsar da ba ya barin kube sai da addu'a. Ranar ya fita.

Mutumin ya yar da laujen ya durƙusa. Ya ce, "Malam, kwana biyu dabbar nan ba ta ci ba. Ka yi haƙuri, in biya ka."

Na ce babu biya. Na karɓe igiyar jakin na ɗaure shi a gidana, na tasa mai shi gaba zuwa kotu, direbobi na biye da mu.

Alƙalin tsoho ne, ya san ni tun ina riƙe da tsintsiya. Na gyara murya na ce, "Allah shi gafarta Malam, wannan ba sata ba ce. Lauje ƙarfe ne mai kaifi, wato makami. Fashi ke nan. Ya fi ƙarfin wannan kotu, a tura shi inda ake harbi."

 Da mutumin ya ji an ambaci harbi sai ya zauna a ƙasa yana tambayar wa zai mayar wa iyalinsa jakin. Yayana, wanda ya biyo mu kotun, ya ja mini riga ya ce in ji tsoron Allah, dami biyu ne fa. Na ce doka ba ta ƙirga dami.

Alƙali ya ce, "Da yana yankan harawar, wa ke gonar?"

"Ba kowa."

"Da ka iso, ya ɗaga maka laujen?"

"Ina ya ga fili? Na riga na zare takobi."

"Jakin fa?"

"Yana gidana."

"Shi ya ba ka?"

"Da takobi bisa kansa, ai dole ya saki igiya." Na waiwaya don direbobi su ji da kyau.

Alƙali ya yanke cewa ƙaramar sata ce, mutumin ya mayar da harawa, ya yi ɗaurin talala na kwana uku yana share harabar kotu, ni kuma in kawo jaki kafin azahar. Share harabar kotu, aikin da na yi wata bakwai ba tare da na saci komai ba. Na miƙe na ce ban yarda ba, zan ɗaukaka ƙara, a kai maganar gaba a matsayin fashi.

Tsohon ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "To Lauya, sai mu tura. Shi ya ɗauki ciyawa ba kowa a wurin. Kai ka ƙwace jaki da takobi, ka kuma faɗa gaban shaidu. Ganga ɗaya za su kafa. Gaya mini sunan wa zan rubuta."