Ranar da Kyamara Ta Zaɓi Rago

Akwai wani suna da na halarta a Shinkafi wanda ba zan manta da shi ba muddin ina numfashi. Jaririn, Allah Ya raya shi, ban ma riƙe kamanninsa ba. Ragon sunan kuwa har yau ina ganin idonsa.

Ni ɗan kasuwa ne a Ƙaura Namoda. Da cajin waya na fara a bakin tasha, na koma sayar da wayoyi, daga baya na lura masu hoto na yankinmu ba su da mai kawo musu kayan aiki, sai na shiga saro kyamarori tokumbo, wato waɗanda aka riga aka yi amfani da su a Turai, daga Legas. Wani kamfani yana fitar da ƙananan kyamarori marasa madubi a ciki, masu shiga aljihun riga, kuma duk samfurin da ya fito sai da ya bi ta hannuna. Ta farko ba ta da wurin kafa ido sai allon baya, da rana ta buɗe ba ka ganin komai a allon sai fuskarka. Ga nawar aiki, kafin ta kama mutum amarya ta gaji da murmushi. Ta biyu aka sa mata wurin leƙe, aka koya mata tura hoto cikin waya. Ta uku ta fara gane fuskar mutum da kanta, tana bin idonsa duk inda ya juya.

Duk tsawon shekarun nan akwai wani dattijon mai hoto a Zurmi da ya ƙi su ƙememe. Kwalin ashana yake kiransu. Shi dai babbar kyamararsa mai nauyin turmi, a cewarsa mutanenmu ba sa yarda an ɗauke su sai sun ga abu mai cika ido. Da ta huɗu ta iso hannuna, kafaɗarsa ta fara ciwo, ganinsa ma ya ragu. Na lallashe shi muka yi musaya, tsohuwar kuma na sallama wa wani a Gusau.

Aikinsa na farko da sabuwar shi ne sunan ɗan wani Alhaji, babban dillalin raguna a Shinkafi, wanda ta hanyarsa yake samun kusan duk ayyukan garin. Ya ce mini, “Kai ka sa ni, to tare za mu tafi. In ta ba ni kunya kana tsaye.”

Da safe aka jawo ragon, fari sol mai baƙin kai. Alhaji ya gyara babbar riga, ya kama ƙaho, ya ce a ɗauke su kafin mahauci ya karɓa. Dattijo ya danna, ya ƙara dannawa, aka wuce da rago. Sai bayan an yanka ya duba allon. Na ga fuskarsa ta sauya. Ya jawo ni gefe ya ce a hankali, “Dubi abin da kwalin ashanarka ya yi mini.”

Ragon ya fito tas, kana iya ƙirga gashin idonsa. Alhaji kuwa dishi-dishi, kamar wanda ake hange ta gilashin mota ana ruwa. Duk hotunan haka suke. Na karɓa na juya ta wajen jama’a, sai ɗan koren zanen da ke nuna inda ta kama ya tsallake liman da malamai ya sauka kan idon wata akuya da ke bakin zaure. Rago dai ba ya dawowa. Na san in Alhaji ya yi fushi, dattijo ya rasa Shinkafi, ni kuma babu mai hoton da zai sake taka shagona.

Muna cikin haka Alhaji ya ɗaga murya, “Malam, kawo in ga kaina.”

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Wani tsohon Bafillace abokin cinikinsa ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, “Alhaji, abin ga ya san mai daraja tsakaninku.” Wurin ya ɗauki dariya, ban da ni da dattijo.

Alhaji ya dube ni. “Kai ne mai kayan? Mi ya sa ta yi haka?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ban sani ba tukuna, amma ba ni ita.” Na shiga cikin saitinta ina bi ɗaya bayan ɗaya har na ci karo da ɗan hoton kan kyanwa. Ashe sabon abin da aka ƙara wa wannan samfurin ke nan, tana gane idon dabba, kuma Baturen da ya fara mallakarta a kan dabba ya bar ta. Na mayar da ita kan mutum, na ɗauki Bafillacen, ya fito har da tsagen fuskarsa.

Sai Alhaji ya ce, “Tsaya. Tana komawa kan dabba in an so?” Na ce tana komawa. Ya ce tun da hanya ta lalace masu saye daga Kudu suka daina zuwa, sai dai ya tura musu hoton waya, su yi ta cewa ragon ya rame ko ba shi da lafiya. “Wanga hoto kuwa, wa zai yi mini gardama?” Ya juya wajen dattijo. “Malam, duk ranar kasuwa ina son ganinka a turkena, har Layya ta wuce.”

Dattijo ya karɓi kyamararsa ya goge ta da bakin riga, bai ko kalle ni ba. Aka fito da jariri, ya ɗauki Alhaji da shi, suka fito tas. Hoton ragon kuma Alhaji ya sa aka wanke babba, yana rataye a zaurensa, kowa ya zo sai ya nuna masa ranar da kyamara ta raina shi.

Har yau kwalin ashana dattijo yake kiranta. Amma da ta biyar ta fito, mai gane idon tsuntsu, shi ya fara kirana, wai masu kiwon zabi na garin Dauran sun fara tambaya.

Tun daga ranar ba na miƙa wa kowa kaya sai na bi lungunsa duka na san abin da aka ƙara masa. Kuma na daina saurin kiran abu aibi, sai na ji ta bakin wanda sana’arsa ta shafa.