Katifar Kaka Falmata

Ranar wata Asabar cikin watan Janairu, shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, aka fito da katifar kakata tsakar gida aka jingina ta da bango kamar mai laifi. Ana muku-mukun sanyi a Rijiyar Lemo, amma duk mutanen gidan hayarmu sun fito, kowa yana sosa jiki yana hararar katifar. Kaka Falmata, mahaifiyar Baba, tana zaune a bakin ƙofarmu ta ƙudundune cikin mayafi, ko kallonsu ba ta yi ba.

Kuɗin cizo ne suka kai mu ga haka. Da zafi ba su cika damunmu ba, don a tsakar gida muke shimfiɗa tabarmi mu bar musu ɗakunan, rana kuma ta gasa duk abin da aka shanya. Amma da sanyi ya shigo dole mu koma ciki, mu toshe taga da tsumma, mu ja bargo, mu kwanta tare da su. Babu abin da ba mu gwada ba. Kowace Asabar Umma takan tafasa ruwa a babbar tukunya, mu yara mu riƙa tsiyaya shi da buta a gaɓoɓin gado, muna zaƙulo su da tsinken tsintsiya, har gasa muke yi a ga wa zai fi kashewa. Bangon ɗakinmu duk ɗigon jini ne, warinsu kuwa har yau yana hancina. Ƙawar Umma, Mama Chinyere, mai ɗinki a Sabon Gari, ta kawo mana fiya-fiya a kwalba tana cewa, "Wannan ko aljani zai kashe." Muka yayyafa, muka wuni a waje haƙora na kaɗawa, idanu na hawaye. Bayan ƴan kwanaki suka dawo kamar sun je hutu. Ranar da ɗaya ya fito daga hijabina a cikin aji, ƴan bencinmu suka matsa gefe, na so ƙasa ta tsage in shige.

Da kowa ya gaji sai aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, aka samu katifar Kaka. Ta rimi ce, ta tsufa, ta sha faci. Da ita suka zo daga Gashuwa a bayan babbar mota ita da kakana, a kanta ta haifi Baba, a kanta kakana ya cika. Ni nake kwana a bayanta, kuma duk fiya-fiyar da aka zuba wa katifar ba ta kori ƙamshin humra da turaren wutar da suka kama ta ba. Maƙwabta suka ce a cikinta uwar kuɗin cizon take. Baba ya yi ta kau da maganar, har mai gidan ya aiko cewa ko katifar ta fita ko mu fita. Baba ya durƙusa gabanta ya ce, "Inna, ki yi haƙuri." Ta ce, "Ku ƙona. Amma ba a cikinta suke ba." Aka ja ta zuwa bola aka zuba mata kalanzir. Rimi ba ya jayayya da wuta, kafin in gama kuka ta zama toka.

Washegari Baba ya ɗauko sabuwar katifar soso daga Kasuwar Sabon Gari. Kaka ta taɓa ta da tafin hannu, ta ce in hau, ita ta shimfiɗa tabarma a kan siminti, kuma babu lallashin da ya ɗaga ta daga nan. Ba a yi sati ba na tashi da ƙuraje a wuya. Ashe a tsagar bango suke, da ramin ƙusa, da bayan kalanda, suna yawo daga ɗaki zuwa ɗaki. Babu wanda ya zo ya ba ta haƙuri a cikin masu hararar nan, wannan kuwa har yau yana ci mini rai. Sanyin simintin ya sa mata tari, ta ce a mai da ita Gashuwa wurin ƙanwarta. Daga can, kafin damina, aka aiko mana da rasuwarta.

Yanzu gidana da tayil har bango, kuma in sanyi ya matso sai in kira masu feshi su zo da tankinsu. Duk da haka bara na tsinci kuɗin cizo ɗaya a ɗinkin filon ɗiyata, na murtsuke shi, warin nan ya tashi, sai na ji ina neman ƙamshin humra a bayansa ban samu ba. Gidan hayar yana nan, an ce kuɗin cizon ma suna nan. Duk yaƙin da muka yi, katifar tsohuwa kaɗai muka ci da yaƙi.