Ƙyallayen da Na Kwance, Malam Nu'uman

Ranar Talata, 17 ga Yuni, 2025, ina tsaye a gaban allo ina koyar da 'yan aji uku, saƙo ya shigo wayata cewa Malam Nu'uman Gwadabe ya cika a asibiti da hantsi. Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Na fita ban ko sallami ajin ba. Bayan la'asar aka yi maka sutura a Kausani, ƙasa da sauran danshin ruwan ranar Lahadi.

Shekara ashirin da biyu kana kula da ɗakin gwaje-gwaje na sashenmu na kimiyyar amfanin gona, a jami'ar nan ta Wudil. Ba ka da digirin dakta, amma duk daktocin sashen, har da ni mai wannan rubutu, a hannunka muka koyi bambanta irin da zai tsiro da wanda ya mutu. Ni mai saurin fushi ce, kowa ya sani. Sau nawa na shigo maka ina faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai ka jawo min kujera ka ce, "Dakta, zauna tukuna, faɗan zai fi daɗi a zaune."

Ƙarƙashin darbejiyar bayan ɗakinka kuwa, aji ne da babu shi a jadawali. 'Yan kwamfuta, 'yan lissafi, 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo, duk nan suke taruwa bayan azahar a yi ta musu: me ya sa damina take makara yanzu, ta yaya yaƙi a wata nahiya yake hana manomin Ɗankaza samun taki. Kai ne ka kwashe su zuwa ƙauyuka suka ɗauko waƙoƙin shuka daga bakin tsofaffi. Da suka shirya wasa a kan sauyin yanayi da waƙoƙin nan, ka zauna a layin gaba, ka tsayar da su a tsakiyar wasa don sun rera wani baiti da sauri. Ka ce mai shuka ba ta gudu, taku ɗaya, rami ɗaya. Ɗakin taro ya kwashe da dariya, su kuma suka sake rerawa yadda ka ce.

Babban aikinka shi ne irin nan. Kwalba arba'in da uku na tsohon gero da dawa da wake, waɗanda ka bi gida gida ka karɓo daga matan Achika da Ɗankaza da Kausani. Kowace ta ba ka a ƙulle cikin ƙyallen tsohon zanenta, bisa alkawari ɗaya: ranar da nata ya ƙare, za ta zo ka mayar mata. Kai kuma sai ka juye a kwalba, ka ɗaura ƙyallen nan a wuyanta. Ba ka rubuta komai. Da ka ga ƙyalle, ka san mai shi, ka san ƙauyensu, ka san kwana nawa irin yake yi ya nuna. Duk damina kana shuka kaɗan daga kowanne a bayan sashe don kada ya mutu.

Malam, a nan laifina yake, kuma gara in faɗa da bakina.

A watan Mayu, kana kwance a asibiti, aka ce baƙi za su zo daga wata cibiyar adana iri ta ƙasar waje. Na shiga ɗakinka na ga kwalabe da tsummokara a wuya, kunya ta kama ni. Na ce haba, jami'a guda, a nuna wa baƙi wannan? Da hannuna na kwance su duka, na tusa a leda ɗaya, na manna wa kowace kwalba farar takarda mai lamba, ɗaya zuwa arba'in da uku. Ko a zuciya ban kawo in rubuta wane ƙyalle ne na wace lamba ba. Ai kana nan, in ka dawo sai ka faɗa min in shigar a kwamfuta. Baƙi suka zo, suka yaba da tsari, suka ɗauki hotuna, ni kuma ina ta washe baki.

Da na je duba ka na ba ka labari, har da alfahari. Ka ɗaga ido ka kalli silin. Sannan ka ce, "Ba komai, Dakta. In na tashi zan gane su da ido." Ka tambaye ni ko an yi ruwa. Ban ce ka yafe min ba, don a lokacin ban san na yi wani abu ba.

Ranar sadakar uku, ina zaune cikin mata a gidanka, wata tsohuwa ta matso kusa da ni. Iya Yelwa ce daga Achika. Bayan doguwar gaisuwa da addu'a, ta ce an ce mata ni ce shugabarka. Ambaliyar bara ta rushe mata rumbu, ta tafi da irin geronta mai nuna a kwana sittin, wanda ta gada daga kakarta. Ta ce, "Yana wurin Malam, da ƙyallena shuɗi mai ɗigo-ɗigo. Ruwa ya zauna, 'yata, ina son in shuka."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Washegari na ɗauko ta a mota zuwa jami'a. Ta zaro ƙyallenta daga ledar nan take. Na jera mata kwalaben gero goma sha tara, ta zuba a tafi, ta shinshina, ta tauna, ta kai kusa da ido. A ƙarshe ta girgiza kai ta ce idonta ya yi rauni, a ƙwaya ba za ta gane ba, sai a tsaye a gona. Na faɗa mata abin da na yi, ban rage komai ba. Ba ta yi min faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Cewa ta yi, "To, bana dai ba zan shuka shi ba ke nan. Ki shuka su duka, kowanne kunyarsa daban. In sun fid da kai ki aiko a ɗauko ni, in ina nan."

Mun shuka ranar Asabar, ni da ɗalibanka na ƙarƙashin darbejiya, kunya arba'in da uku. Sun rera waƙar shuka, ni na kasa. Daga cikin matan da suka ba ka amana, mun bincika, tara sun riga ka tafiya. Nasu irin zai tsiro, amma ban san wanda zai kira sunansa ba.

Ka yafe min, Malam Nu'uman. Na makara da faɗa.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa duk wanda ya ci daga abin da ka adana ya zame maka sadaka mai gudana. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Hajiya Salamatu, da 'ya'yanka Ridwan da Afra da Radiyya, da 'yan uwa na Kausani, da duk ɗaliban da suka rasa uba a sashenmu. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen. Ku taya ni roƙo, don Allah, Ubangiji Ya ara wa Iya Yelwa kwana da gani, ta kai watan Agusta.

Dakta Juwairiyya Wali
Wudil