Gwangwanin Geron Kakata

Ranar sadakar ukun babana ina share ɗakinsa, tsintsiya ta bugi wani abu a ƙarƙashin gado. Ya mirgino waje yana shaka-shaka. Tsohon gwangwanin madara ne, fentinsa ya goge, an ɗaure bakinsa da tsumma. Ban buɗe ba, na san abin da ke ciki. Duk wanda ya tashi a gidanmu na unguwar New Bell a Duwala ya san ƙarar gero a cikin wannan gwangwani. Na zauna a bakin gado riƙe da shi. Mata suna ta shigowa gaisuwa a tsakar gida, ni kuwa na kasa fita.

Gwangwanin na kakata ne, mahaifiyar babana. Kafin su zauna a Duwala, ita da kakana sun yi shekaru suna bin garuruwa da fataucin goro. Ta haifi shida. Babana ne na fari, shi kaɗai ya rayu. Sauran biyar sun koma tun suna goye, kowanne a garin da ajali ya same shi, ba ta ma san inda kaburburansu suke ba. Kowace safiya, in ta idar da salla gari ya fara haske, sai ta fito gindin mangwaron da ke bayan ɗakinta, ta girgiza gwangwanin, ta watsa gero sau biyar, kaɗan kaɗan. Ba ta taɓa gaya mini dalili ba. Mamata ce ta raɗa mini cewa sadaka ce, kowane watsi na yaro ɗaya ne.

Kurciyoyi ne ke fara sauka, sai gwara, sai wasu ƙanana jajaye da take kira bayin Allah. Hankaki kuwa korarsu take yi da mafici. "Ku tafi bola," take cewa, "can aka girka muku."

Akwai abin da ya kamata in gaya muku game da ita da babana. Kunyar ɗan fari take yi masa, irin ta mutanen da. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ni ce 'yar aikensu. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka uwata take ce mini. Yana zaune a benci, tsakaninsu bai fi taku uku ba, sai ta ce, "Uwata, gaya wa mutumin nan tuwo na hucewa." Shi kuma ya ce, "Gaya wa Inna na ji." Wani lokaci ko baki ban buɗe ba saƙon ya isa. Haka suke hirarsu, kuma hira ce mai daɗi.

Sai aka shiga shekarun matsin tattalin arziki, waɗanda mutanen gari ke kira kiriz. Babana ma'aikacin ofis ne a Akwa, ya yi karatun Faransanci, kullum da farar riga a goge yake fita ya tari tasi. Albashi ya fara makara, daga baya aka rage shi. Wata rana da azahar ya dawo rungume da kwali, a ciki akwai kofin shayinsa da wasu takardu. An sallame su. Ya yi watanni yana goge riga yana fita nema, daga bisani ya koma zaman benci da rediyo. Gero, da jirgin ƙasa ke kawowa daga Ngaundare, ya fi ƙarfinmu. Muka koma garin rogo. Kaka kaɗai ake auna wa ɗan gero don kununta na safe, saboda tsufa. Sai da aka jima mamata ta gane kaka ba ta dama kunun. Ruwan zafi take sha, geron yana shiga gwangwani.

Damina ta zo, irin ta Duwala, ruwa kwana da kwanaki ba ƙaƙƙautawa. Motocin shara sun daina shigowa unguwa, bola ta toshe kwata, ruwa ya shiga ramuka ya koro mana ɓeraye, manya kamar 'yan kyanwa. Suka ci sabulu, suka huda buhun gari, suna tsintar ragowar geron gindin mangwaro da rana tsaka ba tsoro. Wata safiya aka ga jini a tabarmar ƙanena, yana ɗan wata tara. Ɓera ya cije shi a diddige.

Mamata ba mai ɗaga murya ba ce, amma ran nan ta tsaya a gaban benci da yaro a kafaɗa. "Baban yara, dubi ƙafar nan. Duk maƙwabta sun ce geron Inna ne ke kiransu. Ni ba zan iya gaya mata ba. Kai ne ɗanta."

Shi ma ba zai iya ba. Ta yaya zai aike ni in ce wa kaka ta daina sadakar 'ya'yanta? Sai ya tafi kasuwa ya sayo maganin ɓera, wata 'yar leda mai rubutun Faransanci. Ya sa tabarau ya karanta a tsanake. An rubuta a gauraya shi da abincin da ɓerayen suka saba ci. Da la'asar, kaka ta tafi suna a maƙwabta, na gan shi ya shiga ɗakinta ya ɗebi gero a gwangwanin. Da muka haɗa ido ya ɗora yatsa a baki. Ya cakuɗa a murfin tukunya, ya ajiye bayan duron ruwa, ya kifa guntun kwano a kai. Niyyarsa ya kwashe kafin tsuntsaye su sauka.

Da asuba aka tsuge da ruwa da iska. Babana yana masallaci, ruwa ya tsare shi a can. Iska ta ɗage kwanon, ruwa ya kwashi geron ya shimfiɗa shi a gindin mangwaro, daidai wurin da kaka ke watsa nata. Da ruwa ya tsagaita ta fito da gwangwaninta, ta tarar tsuntsaye sun riga sun sauka suna ci. Har dariya ta yi. "Yau wa ya riga ni lada?"

Kafin hantsi sun fara faɗuwa. Kurciyoyi a jikin bango, fukafukai a buɗe. Ƙananan kuwa a cikin laka, kamar an zubar da jan barkono. Kaka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tsinta tana sawa a gefen zaninta. Ta ɗauki ƙwayar gero ta duba, ta ga launinta ya sauya. Sai ta ce, "Uwata, wa ya taɓa mini gwangwani?"

Na sunkuyar da kai. Babana yana tsaye a bakin zaure, wandonsa a jiƙe har gwiwa. Bai bar ni da nauyin ba. Ya ce, "Inna, ni ne."

Ba ta waiwaya ba. "Gaya masa ya kawo fartanya."

Ya haƙa rami a gindin mangwaro, ta zuba su, ya rufe. Sannan ya durƙusa a cikin lakar. "Gaya wa Inna ta yafe mini. Ɓeraye na nufa."

"Gaya masa na ga ƙafar yaron, ni na ɗaure ta. Amma ba ni ya yi wa laifi ba. Baƙi na kira, suka yarda da gidana, aka ba su guba da gerona. In sun dawo, to."

Ba su dawo ba. Kullum tana girgiza gwangwani, tana watsawa, tana tsayawa. Tururuwa ce kawai ke zuwa. Daga ran nan kuma ta daina aikena wurinsa. Ko tuwo ya huce ba ta cewa komai. Sai a lokacin na gane cewa da can ba shiru ke tsakaninsu ba. Wannan ne shirun.

Babana ya ajiye rediyo. Ya kankare ƙasar gindin mangwaro ya zubar, ya kawo sabon yashi. Ya je Bepanda wurin wani abokinsa magini ya samo ragowar siminti, ya bi ramukan gidan ɗaya ɗaya yana cusa fasassun kwalabe yana liƙewa. Ya tara mazan layinmu suka shiga kwata suka yashe ta. Na ga mai farar riga a cikin baƙin ruwa har cinya, yana miƙo bola da hannu. Daga ƙarshe ya kafa sanda a gindin mangwaro, ya ɗora faranti a sama, ya lanƙwasa kwano kamar malafa ya sa a ƙarƙashin farantin, yadda duk ɓeran da ya hau zai zame ya faɗo.

Kaka ta zagaya abin tana dubawa. Ta ce da mamata, "Yanzu tsuntsu ma a tebur zai ci, kamar Bafaranshe?" Amma washegari a farantin ta zuba. Da hantsi, in ba a ci ba, ta kwashe ta mayar cikin gwangwani, ba ta bar ƙwaya ɗaya a ƙasa. Ɓeraye suka ragu, ƙafar ƙanena ta warke. Tsuntsaye dai shiru. Kowace safiya babana yana dawowa daga masallaci ya zauna a benci, idonsa a kan bango.

Ruwa ya fara ja baya. Wata safiya ta girgiza gwangwani, sai ga kurciya ɗaya a kan bango. Ta daɗe tana karkata kai tana leƙen farantin. Ba wanda ya motsa, mamata ma ta tsaya da ludayi a hannu. Kurciyar ta sauka, ta tsinci ɗaya, ta ɗaga kai, ta sake tsinta. Can sai ga ta biyu.

Kaka ta juya ta dubi babana, shi kansa, a fuska. Ta ce, "Kai. Ka gani?"

Ya miƙe tsaye. "Na gani, Inna."

Ta miƙa masa gwangwanin. "Zo ka riƙe. Sau biyar ake zubawa. Ƙannenka ne."

Ya karɓa da hannu biyu. Da ya gama ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da gefen riga. Da rana kuma sai na ji ta ce, "Uwata, gaya wa mutumin nan tuwo na hucewa." Ban sake jin ta yi masa magana kai tsaye ba har ta rasu.

Bai koma ofis ba. Ya samu tebur a bakin titi yana cike wa mutane takardu, da haka ya ƙarasa renonmu. Amma bai taɓa fashin farantin nan ba. Bayan rasuwar kaka ya koma zubawa sau shida.

Yanzu an sare mangwaron, an gina ɗakunan haya a wurin, tsakar gida duk siminti ce. Ƙarar babura ke tashin mutum, ba kukan kurciya ba. Ni ina unguwar Cité des Palmiers da 'ya'yana, su gero a leda suka san shi. Sandar ce kawai ta rage, an matsar da ita lungu kusa da famfo, malafarta ta yi tsatsa.

Washegarin ranar da na tsinci gwangwanin na fito da shi da sassafe. Kwana huɗu ba wanda ya tuna da tsuntsayen, amma ga su jere a kan kwanon ɗaki suna jira. Na girgiza. Na zuba biyar, na zuba na shida. Sai hannuna ya tsaya a bakin gwangwani. Ƙanena, wanda har yau tabon ke diddigensa, yana tsaye a ƙofar ɗakin Baba. Ya ce, "Yaya, ƙara ɗaya."

Na ƙara.