Yanka na Uku a Jikin Akis ɗin Yaya Babikir

Shekara goma sha biyu ke nan da aka dawo mana da gawar yayana Babikir daga dajin yashin da ke yamma da Umbadda, unguwarmu a gefen Omdurman, kuma sai a bana na iya ɗaukar alƙalami a kansa. Mutanen Omdurman sun san shi da Usta Babikir mai motar ƙashi, don Usta ake ce wa gwanin sana'a a nan. Sunan ya fito ne daga abin da yake ƙerawa. Sai ya sayi matacciyar mota, ya fere ta tas, ya bar inji da giya da tayoyi da kujeru biyu, ya yi mata keji da bututun ƙarfe. Ba ƙofa, ba gilashi. In ka hango ta tafe sai ka ce haƙarƙarin raƙumi ne aka sa wa taya. Amma tana shiga inda manyan motoci ke kafewa, kuma da ita yake kai wa makiyaya sukari da magani, ya dawo da man shanu.

Mu 'ya'yan masu tsinkar auduga ne a Gezira. Babanmu ya kwaso mu zuwa Umbadda muna ƙanana, Babikir kuma ya koyi hannu a ƙarƙashin motocin da ke ɗaukar bulo daga Aljirif. Guduma ce ta kashe masa kunnen hagu tun yana saurayi. Wannan ne ya shigo da ni cikin sana'arsa, ni da ban san sifana daga cokali ba. Bayan rasuwar mijina na dawo gida, na kafa teburin shayi a ƙofar garejinsa. Duk lokacin da mota ta fara ƙorafi sai ya leƙo ya ce, "Amna, ajiye butar nan ki zo ki ara mini kunne."

Ga waɗanda ba su san mota ba, akwai sandar ƙarfe da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. A nan akis muke ce mata. Kowane ƙarshenta yana da gwiwa mai ƙwallayen ƙarfe a ciki, an cika ta da giris an rufe da robar da ke tare ƙura. A motar gari wannan gwiwa takan yi shekaru ba ta ce uffan ba. A motar Babikir kuwa wahala take sha, don motar a ɗage take sama, sandar tana aiki a karkace, ga yashi. Da zarar ƙaya ta huda robar, yashi ya shiga ya cuɗu da giris, shi ke nan gwiwar ta fara cin kanta.

Yadda muke gwaji shi ne, mu fita filin bayan unguwa, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya riƙa zagaye a hankali, hagu, dama, gaba, baya. Ni kuma in rufe ido in saurara. Idan na ji ƙas-ƙas-ƙas tana bin juyin taya, sai in ɗaga hannu in nuna ɓangaren, ba magana. Wannan gwiwar waje ce. Idan kuwa dukan guda ɗaya ne, dum, lokacin da ya taka mai ko ya saki, ta ciki ce. Ban taɓa nuna masa ɓangaren da ba shi ba, kuma bai taɓa gode mini ba, Allah ya jiƙansa. Iyakarsa ya ce shayina ya yi sukari da yawa.

Yana da wata dabara ta masu ƙaramin ƙarfi. Gwiwa gefe ɗaya take cinyewa, gefen da ke ɗaukar nauyi in ana tafiya gaba. Don haka in ta fara kuka sai ya cire sandunan biyu, ya wanke, ya mai da ta hagu dama, ta dama hagu, lafiyayyen gefen ya karɓi aiki. Amma sau ɗaya ake yin haka. Don kada ya manta, yakan sa magagari ya yi wa sandar shaida: yanka ɗaya ga wadda ya fara sawa, yanka biyu ga wadda aka riga aka juya. Mai yanka biyu in ta sake kuka, bola. Shekarun da na yi a ƙofar garejin nan ban taɓa ganin ya yi na uku ba.

Ranar da ya fita bai dawo ba, ba wani abu daban da aka gani. Wani mai raƙuma ne ya tsince shi bayan duwatsu, a zaune a inuwar motar, bayansa jingine da taya. Mazan da suka je ɗauko shi sun ce akis ɗin dama ne ya karye, guntun ya yi ta bugu har ya fasa jarkar ruwa, ruwan ya bi yashi. Sun tarar ya cire sandunan duka biyu ya jera a kan rawaninsa, ya goge su fes, magagarin yana hannunsa. Haka suka naɗe su cikin rawanin suka kawo mana, motar ma suka jawo ta gida. Bayan an tashi daga zaman makoki na warware na duba. Sandar hagu lafiyarta ƙalau a ido, sai dai yanka uku gare ta, biyu tsofaffi sun yi baƙi, ɗaya sabo yana ƙyalli, can kusa da haƙoran da ke shiga gwiwa. Na ce a raina ƙishirwa ce ta ɗauke masa hankali. Na naɗe na tura ƙarƙashin kujerar motar.

Matarsa, Nafisa, ta hana a sayar da motar. Aka ɗora ta a kan bulo a tsakar gida, aka yafa mata buhuna. A daminar farko ta ce da ni, "Yaya Amna, motar nan tana kuka." Na ce ƙarfe ne, rana ce ke dukansa yana miƙewa. Haka liman ma ya gaya mata, ya ƙara da cewa mamaci ba ya dawowa, ta yawaita yi masa addu'a. Ni ma a kan haka nake har gobe. Amma wata rana bayan azahar, lokacin da unguwa ta yi tsit, kaji ma sun shige ƙarƙashin gado, ina kishingiɗe a rumfa sai na ji ta. Na san ƙarar ƙarfe a rana: ɗaya nan, ɗaya can, ba tsari. Wannan ba ita ba ce. Ƙas-ƙas-ƙas, a jere, a hankali, daidai tafiyar motar da ke zagaye fili. Kuma motar ba akis ko ɗaya a jikinta. Idona a rufe yake, da na buɗe sai na ga hannuna a sama yana nuna tayar baya ta hagu. Na sauke hannun na danne shi da ɗayan.

Ba kullum take yi ba. Takan yi watanni shiru, sannan ta dawo, kuma kullum da rana tsaka. Muka saba da ita yadda ake sabawa da tarin maƙwabci. Ba mu gaya wa kowa ba, don mutane ba su da aiki sai su ce gidan Babikir ya zama na aljanu.

Ina yawan tambayar kaina me Babikir zai ce da ya ga yaran yanzu. Motocin ƙashi sun yi yawa, samari na fita da su yashi ranar Juma'a don nishaɗi. Sun ɗage su sama har sandar tana tsaye kamar tsani, sannan su yi ta mamakin me ya sa gwiwa ke zafi tana zubar da giris. Roba ta yage a ɗaure da leda a ce an gyara. Akis ya yi kuka a cire a jefar, a je kasuwar Bahri a sayo sabo a kwali, ba wanda ya buɗe tsohon ya ga me ya kashe shi. Na san zai yi tsaki. Amma na san kuma da an nuna masa wayar nan da ake ganin cikin gwiwa tana juyawa a fili, da ya manta da abinci yana kallo. Mutum ne mai faɗa da son sani.

Ɗansa Annur yana cikin yaran nan. Yanzu magidanci ne, matarsa na da tsohon ciki, kuma tuƙin raksha, babur ɗin haya mai taya uku, ya ishe shi. A bana ya yaye buhunan, ya tayar da injin, ya ce zai koma hanyar ubansa, shi ma ya riƙa kai wa makiyaya kaya. Nafisa ta yi kuka har ta gaji. Ya sayo sabon akis na dama. Na hagu kuwa ya ciro daga rawanin, ya juya shi ya ga lafiyayye, ya sa masa sababbin robobi, ya cika giris, ya ɗaura. Na tambaye shi me ya hana ya sayo biyu.

Ya ce, "Ya Gwaggo, wallahi ba don tsada ba ne. Ina so ko abu ɗaya da hannun Baba ya taɓa ya tafi da ni. Kuma tsohon ƙarfe ya fi na yanzu, khalas, shi ke nan."

Maganar ta taɓa ni. Na dai ce ba inda za shi sai na ara masa kunne. Ya yi dariya, ya kai ni ragowar filin da gidaje ba su cinye ba. Na hau kujerar da na yi shekaru ban hau ba, na rufe ido. Ya zagaya hagu, ya zagaya dama, ya yi baya, ya taka ya saki. Ba ƙas, ba dum. Sumul.

"Kin ji ko? Tamam," in ji shi. "Gobe in sha Allahu na kama hanya."

A nan ne tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da aka kawo gawar. Shekara goma sha biyu motar nan tana kuka a tsaye ba akis, yau an sa mata akis tana tafiya ta yi gum. Sai wata maganar Babikir ta faɗo mini, wadda yakan yi in direba ya zo yana alfahari motarsa ba ta ƙara. Yakan ce gwiwa mai kuka tana da kirki, tana ba ka lokaci, ita sandar kuwa ba ta sallama. Na ce da Annur ya cire na hagu.

"Gwaggo, don Allah! Yanzu fa na gama ɗaurawa."

"Cire, ya waladi, ɗana. In ka ƙi, zan kwanta a gaban tayar nan, ka bi ta kaina ka wuce. Ka san hali."

Ya san hali. Muka koma gida, ya cire yana ƙunƙuni da Larabci don yana zaton ba zan kula ba. Na sa shi ya yi abin da na sha gani ubansa na yi wa ƙarfen da bai yarda da shi ba. Ya jiƙa sandar a kananzir, ya goge ta ta bushe, ya shafe ta da garin alli ta yi fari fat, ya rataye ta, ya ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Muka tsaya mu uku, har da Nafisa, muna kallo. Da farko ba komai. Can sai wani baƙin layi ya fara fitowa cikin farin allin, siriri kamar gashi, kananzir ɗin da ya maƙale a tsagewar ne ke tsattsafowa. Layin ya yi ta tafiya da kansa a gaban idonmu, ya kusa kewaye sandar. Kuma daga ƙarƙashin yanka na uku ya tashi, daidai bakinsa, ba kuskure ko na ƙwayar gero.

Annur ya durƙusa a ƙasa. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Ashe ya gani." Nafisa ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne hoton yayana a cikin yashin nan, ruwa ya ƙare, ya san motar ba za ta tashi ba, ya san shi ma ba zai tashi ba, amma ya ga tsagewa a ƙarfe kuma zuciyarsa ta ƙi barin ta ba shaida. Bai san wa zai ɗaura sandar ba. Ya dai san wani zai ɗaura.

To me ya rage na Babikir? Ba gida ya bari na a zo a gani ba, garejin ma yanzu shagon gyaran waya ne. Annur ya sayo ɗayan akis ɗin, ya sauke motar ƙasa kaɗan don sandunan su huta, yana zuwa daji yana dawowa da jarka biyu, ɗaya nesa da ɗaya. An haifa masa ɗiya. Na gan shi ran nan da magagarin ubansa yana yi wa sabon ƙarfe yanka ɗaya, ba wanda ya ce ya yi. Tsohuwar sandar tana rataye a rumfa da allinta da baƙin layinta.

Tun ranar ba mu sake jin ƙarar ba. Ban ce ga abin da ke yin ta ba, Allah ne masani, kuma ina roƙonsa ya sanyaya kabarin yayana, ya shayar da shi ruwan da bai samu ba a ranarsa ta ƙarshe. Da na zaci in ta daina za mu ji sauƙi. Amma jiya bayan azahar na tarar da Nafisa zaune a bakin rumfa, ta karkata kai wajen da motar ta saba tsayawa. Ta ce, "Yaya Amna, gidan ya yi shiru da yawa." Na zauna kusa da ita na rufe ido. Na daɗe ina saurare, hannuna a shirye a kan cinyata, amma ba ɓangaren da zan nuna.